Alƙaluman Baƙi Masu Dogon Zama ko na Ma'aikatan Ci-rani: Wanne Ya Kamata Mai Rubutu Ya Dogara da Shi?

Duk wanda zai yi rubutu a kan shige da fice, ɗan jarida ne ko ɗalibi mai haɗa kundin digiri ko jami'in da aka ɗora wa rubuta rahoto, zai tarar hukumomi na fitar da alƙaluma iri biyu waɗanda a ido suka yi kama da juna, alhali ba abu ɗaya suke aunawa ba. Na farko shi ne adadin baƙin da suka shigo ƙasa domin dogon zama, na biyu kuma adadin ma'aikatan ci-rani, waɗanda ake ɗaukowa daga ƙetare su yi aikin gona ko na otal na wasu watanni, sannan su koma gida idan lokacin aikin ya wuce. Zaɓen wanda za a yi amfani da shi ba ƙaramin al'amari ba ne, domin da adadi guda ana iya tayar wa jama'a hankali cewa baƙi sun cika ƙasa, kuma da wani adadin ana iya ɓoye dubban mutanen da abincin ƙasar ya dogara da guminsu. Ra'ayina shi ne tambayar da mutum yake son amsawa ita ce za ta zaɓa masa adadi, kuma bai halatta a haɗa biyun a lissafi guda ba.

Tushen alƙaluman dogon zama shi ne shawarwarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1998 kan ƙididdigar ƙaura tsakanin ƙasashe. A wannan ma'auni, baƙo mai dogon zama shi ne wanda ya bar ƙasar da ya saba zama ya koma wata na aƙalla watanni 12, har sabuwar ƙasar ta zama mazauninsa. Wanda ya zauna daga watanni 3 zuwa ƙasa da 12 baƙo ne na gajeren zama, sai dai idan hutu ya kawo shi, ko ziyarar dangi, ko neman magani, ko ibada, ko tafiyar kasuwanci. Tarayyar Turai ta shigar da wannan sharaɗi na watanni 12 cikin dokarta mai lamba 862 ta 2007, wadda ta wajabta wa ƙasashenta aika wa hukumar ƙididdigarta, Eurostat, alƙaluma a kan ma'auni ɗaya. Abin lura a nan shi ne ma'aunin bai damu da irin takardar da mutum ke riƙe da ita ba, bai kuma damu da dalilin zuwansa ba. Ɗalibin da zai yi shekara uku, da ma'aikaciyar jinya, da mai neman mafaka, da ɗan ƙasar da ya dawo bayan ya daɗe a waje, duk a layi ɗaya ake sa su.

Ma'aikacin ci-rani kuwa tun daga tushe an tsara zamansa ne yadda ba zai taɓa kai wannan iyaka ba. Bizar ci-rani ta Birtaniya a gonakin kayan lambu da 'ya'yan itatuwa watanni 6 ce. Shirin Kanada na ma'aikatan gona, wanda aka fara da Jamaika a 1966 kuma Meziko ta shiga a 1974, ba ya wuce watanni 8 a shekara. Shirin Nuzilan da aka buɗe a 2007 yana ba da watanni 7 cikin 11, sai 'yan Tuvalu da Kiribati da ake ba watanni 9 saboda nisan tafiya da tsadarta. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 a kan ma'aikatan ci-rani ta bar wa kowace ƙasa ta ƙayyade iyaka tsakanin watanni 5 da 9 cikin kowane 12. Sakamakon haka, mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana zuwa gona ɗaya a lardin Ontariyo, yana yin watanni takwas kowace shekara, wato ya fi daɗewa a Kanada fiye da gidansu cikin waɗannan shekaru, ba zai taɓa bayyana a alƙaluman dogon zama ba ko sau ɗaya. Wannan ba kuskuren masu ƙididdiga ba ne, haka aka gina ma'aunin, amma wajibi ne mai rubutu ya san da shi.

Idan aka zo ga yadda ake samun adadin, nan ne bambancin ya fi zurfi. Ƙidayar masu dogon zama ƙiyasi ne, domin ranar da mutum ya sauka a filin jirgin sama babu wanda ya san ko zai kai shekara. Hukumomi sun bi hanyoyi daban-daban wajen shawo kan wannan matsala. Birtaniya ta daɗe tana dogara da tambayar matafiya a tashoshin shiga da fita, tsarin da aka fara a 1961, inda ake tambayar wasu daga cikinsu tsawon lokacin da suke da niyyar zama. Niyya kuwa tana canzawa: wanda ya ce wata shida zai yi yana iya yin shekara shida, wanda ya ce ya zo ke nan yana iya juyawa bayan wata uku. An dakatar da wannan tambaya a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, daga nan Ofishin Ƙididdiga na ƙasar ya koma amfani da bayanan biza, da na shiga da fita, da na haraji. Ostireliya da Nuzilan suna jira ne su ga abin da ya faru a zahiri: idan mutum ya yi watanni 12 cikin 16 a ƙasar, an ƙidaya shi. Wannan ya fi inganci, amma yana nufin adadin ƙarshe ba zai fito ba sai bayan fiye da shekara guda. Jamus tana da rajistar mazauna, inda duk wanda ya kama gida ya yi rajista ake lissafa shi cikin alƙalumanta na cikin gida ko da ba zai kai shekara ba, shi ya sa adadin da ofishin ƙididdigarta ke bugawa yakan fi wanda take aika wa Eurostat.

Farashin wannan ƙiyasi shi ne yawan gyara, kuma gyaran ba ƙarami ba ne. A watan Mayu na 2023 Birtaniya ta sanar cewa ragowar ƙaura ta 2022, wato abin da ya saura bayan an cire masu fita daga masu shigowa, ta kai 606,000. Bayan wata shida aka gyara adadin zuwa 745,000, daga baya ma aka sake ɗaga shi. Adadin shekarar da ta ƙare a Yunin 2023 ya fara fitowa ne a matsayin 672,000, amma a Nuwamban 2024 aka mayar da shi 906,000. Wanda ya gina hujjarsa a kan adadin farko ya yi kuskure da mutum fiye da dubu ɗari biyu ba tare da laifinsa ba, sai dai laifin rashin gaya wa mai karatu cewa adadin na wucin gadi ne. Ina ganin wannan shi ne abu mafi muhimmanci da ya kamata a riƙe game da alƙaluman dogon zama: ma'anarsu tana da kyau, tana amsa tambayar da mutane suka fi damuwa da ita, amma sabon adadi ɗanye ne, kuma wanda ya kwana biyu ya fi shi aminci.

Alƙaluman ci-rani akasin haka suke. Suna fitowa da wuri, ba a cika gyara su ba, kuma sukan zo daidai har zuwa lambar ƙarshe, domin daga rumbun bayanan ofishin biza ko ma'aikatar ƙwadago ake zaro su. Wannan daidaito yana ruɗar mutane, saboda abin da aka ƙidaya takarda ce, ba mutum ba. Tsakanin niyyar gwamnati da ma'aikacin da ke sunkuye a gona akwai matakai da yawa, kuma kowane mataki yana da nasa adadin: guraben da gwamnati ta ware, buƙatun da masu gonaki suka shigar, guraben da aka amince da su, bizar da aka bayar, mutanen da suka shigo, da kuma waɗanda suka yi aikin har ƙarshen kwantiraginsu. Amurka ta fi kowa nuna wannan a fili. Shirinta na H-2A, wato bizar wucin gadi ta ma'aikatan gona, wanda ya samo asali daga dokar shige da fice ta 1986 kuma ba shi da ƙayyadadden adadi, ma'aikatu uku ne ke fitar da alƙalumansa. Ma'aikatar Ƙwadago ta amince da gurabe sama da 370,000 a shekarar kuɗi ta 2022, Ma'aikatar Harkokin Waje ta ba da biza kusan 300,000, Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida kuma tana ƙidaya duk lokacin da aka tsallako iyaka, ta yadda ma'aikacin da ke yawan komawa Meziko yana dawowa zai bayyana sau da yawa. Dukkan alƙaluman uku na hukuma ne, dukkansu gaskiya ne, amma na tsakiya ne ya fi kusa da yawan mutane, domin ma'aikaci ɗaya yana iya cike gurbi biyu a gonaki biyu, wani gurbin kuma ba a cike shi ko kaɗan.

Wannan matsala tsohuwa ce. Shirin Bracero, wanda ya kawo 'yan Meziko gonakin Amurka daga 1942 zuwa 1964, an sa hannu a kan kwantiragi kimanin miliyan 4.6 a ƙarƙashinsa, kuma har yau ana samun masu rubuta cewa mutum miliyan 4.6 ne suka zo, alhali da yawansu sun yi ta dawowa shekara bayan shekara.

Mafi haɗari cikin waɗannan matakai shi ne na farko, wato guraben da gwamnati ta sanar, domin shi ne ke fitowa a kanun labarai. Birtaniya ta fara gwajin bizar ci-rani a 2019 da gurabe 2,500, ta ɗaga zuwa 10,000 a 2020, sannan 30,000 a 2021, har ta kai 45,000 na gonaki da 2,000 na kiwon kaji a 2023 da 2024. Amma bizar da aka bayar a waɗannan shekaru biyu na baya ba ta kai 40,000 ba a kowace shekara. Italiya ta sanar da gurabe 452,000 na shekarun 2023 zuwa 2025, fiye da rabinsu na ci-rani a noma da yawon buɗe ido. Buƙatun da ake turawa ta intanet ranar buɗe shafi sun ninka guraben, duk da haka ƙungiyoyin farar hula da suka bi diddigin lamarin sun nuna cewa ƙaramin kaso ne ke ƙarewa da kwantiragin aiki da takardar zama. Wasu ba sa samun biza a kan lokaci har girbin ya wuce, wasu kuma suna isa su tarar babu wanda ya ɗauke su, bayan dillalai sun karɓe musu kuɗi. Saboda haka gurbi alama ce ta manufar gwamnati kawai. Wanda ya rubuta cewa ƙasa kaza ta karɓi mutum dubu kaza, alhali gurabe yake nufi, ya yaudari mai karatu, kuma yana iya zama sanadin da wani zai sayar da abin da ya mallaka ya miƙa wa dillali.

Akwai kuma waɗanda babu takardar da ke nuna su. A cikin Tarayyar Turai ɗan ƙasar Romaniya ko Polan ba ya buƙatar izini kafin ya je cire wani kayan lambu da ake kira asparagus ko tsinkar inabi a Jamus, don haka teburin Eurostat na izinin ci-rani, wanda ya shafi 'yan ƙasashen waje da Tarayyar kaɗai, zai nuna Jamus kamar ba ta da masu ci-rani sosai. Gaskiyar ta bayyana a watan Afrilu na 2020, lokacin da aka rufe iyakoki, gwamnatin ta amince a shigo da ma'aikata har 80,000 ta jirgin sama cikin Afrilu da Mayu don kada amfanin gona ya lalace. A Amurka binciken da Ma'aikatar Ƙwadago ke yi a kan ma'aikatan gona ya daɗe yana nuna cewa kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake tambaya ba su da izinin aiki, kuma binciken ba ya haɗawa da masu bizar H-2A. Wanda yake son sanin ko hannun su wa ke girbe abincin wata ƙasa ba zai samu amsar a teburin biza kaɗai ba, sai ya haɗa da binciken ma'aikata da bayanan inshora ko na haraji.

Tsakanin waɗannan nau'o'i biyu akwai wani adadi da ke yawan jefa mutane cikin kuskure, shi ne na takardun izinin zama na farko da Eurostat ke bugawa. A 2023 ƙasashen Tarayyar sun ba da irin waɗannan takardu kimanin miliyan 3.7. Sharaɗin shiga wannan lissafi shi ne takardar ta kai aƙalla watanni 3, wanda ke nufin ya ƙunshi masu gajeren zama da masu dogon zama a haɗe. Shi ya sa a 2021 Polan ta zo kan gaba da takardu kusan miliyan ɗaya, wato kimanin kashi ɗaya cikin uku na na Tarayyar baki ɗaya, mafi yawansu ga 'yan Yukren da ke zuwa aiki na wasu watanni su koma. Wanda ya karanta wannan ya ce Polan ta fi Jamus karɓar baƙi masu zama ya yi kuskure babba. Teburin yana da amfani, amma sai an buɗe shi an duba rabe-rabensa bisa tsawon izinin: daga wata 3 zuwa 5, daga 6 zuwa 11, da kuma 12 zuwa sama.

Ga mai son kwatanta ƙasa da ƙasa, ina ganin rahoton shekara-shekara na ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta OECD, mai ƙasashe 38, ya fi sauran dacewa, duk da cewa shi ma yana da nasa sharaɗin da ya kamata a fahimta. Ƙungiyar ba ta bin ƙa'idar watanni 12 kai tsaye. Tana duba irin izinin da aka ba mutum ne, ko na dindindin ne ko kuwa wanda ake sabuntawa ba iyaka har ya kai ga zama na dindindin. A wannan ma'auni mutum miliyan 6.1 suka shiga ƙasashenta a 2022, sai miliyan 6.5 a 2023, ba tare da 'yan Yukren da ke ƙarƙashin kariya ta wucin gadi ba. Ɗalibai da ma'aikatan ci-rani suna teburi daban. Wannan rarrabewa ce ke sa adadin ya yi amfani wajen kwatanci, ita ce kuma ke sa ya saɓa da abin da ofisoshin ƙididdiga na ƙasashen ke bugawa. Ostireliya misali ce mai kyau: a shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023 shirinta na ba da zama na dindindin gurabe 195,000 ne, amma ragowar ƙaura bisa ƙa'idar watanni 12 cikin 16 ta haura 500,000, galibi saboda ɗalibai da masu bizar wucin gadi da suka dawo bayan korona. Idan tambayar ita ce mutum nawa ke neman gidan haya a Sidni da Melbon, adadi na biyu ne amsa. Idan kuwa tambayar ita ce mutum nawa ƙasar ta yi wa alkawarin zama har abada, na farko ne.

Haka nan takardar zama ta dindindin ba ta nufin sabon shigowa. Amurka tana ba da katin zama na dindindin ga mutum kimanin miliyan ɗaya a shekara, amma kusan rabinsu ko fiye suna cikin ƙasar tun da daɗewa, matsayinsu ne kawai ya canza. A ɗaya ɓangaren, ƙasashen yankin Gulf suna riƙe da miliyoyin ma'aikata a kan kwantiragin da ake sabuntawa, waɗanda a ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya masu dogon zama ne tun daga shekararsu ta farko, amma a dokar ƙasashen baƙi ne na wucin gadi ko da sun yi shekara ashirin.

Dole kuma a bambanta masu shigowa cikin shekara da waɗanda ke zaune a rana guda, kamar yadda ruwan da ke kwarara cikin tafki ya bambanta da ruwan da ke kwance a cikinsa. Lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce akwai baƙi miliyan 281 a duniya a 2020, ko miliyan 304 a 2024, tana nufin mutanen da ke zaune a wajen ƙasar haihuwarsu a tsakiyar shekarar, ciki har da wanda ya yi ƙaura shekara hamsin da suka wuce. Wannan adadi daga ƙidayar jama'a da rajistar mazauna yake fitowa, kuma ma'aikacin ci-rani ba ya cika shiga cikinsa, domin mazauninsa na asali yana can gida. Ga masu ci-rani ma bambancin yana da tasiri. Idan aka ba da biza 45,000 ta wata shida, kuma kowa ya yi wa'adinsa cif, aikin da aka yi daidai yake da na mutum 22,500 na shekara guda, sannan adadin da ke ƙasar a tsakiyar bazara zai ninka na tsakiyar hunturu sau da yawa. Ƙaramar hukumar da ke son sanin gadajen asibiti ko ɗakunan kwana da za ta tanada, adadin lokacin da aiki ya fi yawa take buƙata, ba jimillar shekara ba.

To wanne za a zaɓa? Idan rubutun ya shafi yawan jama'a, gidaje, makarantu, fansho, ko yadda al'umma za ta kasance nan da shekara ashirin, alƙaluman dogon zama na ofishin ƙididdigar ƙasar su ne abin dogaro, a ɗauki wanda aka riga aka gyara, a kuma ambaci masu shigowa da masu fita duka biyu maimakon ragowar kaɗai, domin ragowar 100,000 tana iya fitowa daga shigowar 150,000 ko daga shigowar miliyan ɗaya, kuma waɗannan yanayi biyu ba ɗaya ba ne. Idan rubutun ya shafi noma, albashi, haƙƙin ma'aikata, ko kuɗin da ake aikawa gida, alƙaluman ci-rani ne suka dace, a fifita bizar da aka bayar a kan gurabe, a kuma nemi rabe-raben ƙasashen da ma'aikatan suka fito. Wannan rabe-raben yakan ba da labarin da jimilla ke ɓoyewa: a 2021 mafi yawan masu bizar ci-rani ta Birtaniya 'yan Yukren ne, bayan ɓarkewar yaƙi a 2022 sai aka koma ɗauko su daga Kirgizistan, Tajikistan, Uzbekistan da Kazakistan. Jimillar ba ta canza sosai ba, amma nisan tafiya, kuɗin jirgi da bashin da ma'aikaci ke ci kafin ya fara aiki duk sun canza.

Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne tara biyun a ce wannan ne adadin baƙin da suka shigo. Mai ci-rani da ya shigo a Afrilu ya fita a Satumba bai ƙara ko mutum ɗaya a yawan jama'ar ƙasar ba a ƙarshen shekara, kuma idan ya dawo baɗi za a sake ƙidaya shi. Tara adadinsa na shekara goma zai haifar da mutanen da babu su. Amma ba na goyon bayan akasin haka ma, wato a yi shiru a kansa saboda bai kai wata goma sha biyu ba. Gwamnatin da ta yi alkawarin rage shige da fice tana da hanya mai sauƙi ta cika alkawarin a takarda: ta matse hanyoyin dogon zama, ta faɗaɗa na wucin gadi waɗanda ba sa shiga lissafi. Mai rubutu da ya kalli teburi ɗaya kawai ba zai ga wannan ba. Ya kamata a ajiye alƙaluman biyu gefe da gefe, kowanne da sunansa.

Tarihi ya nuna cewa katangar da ke tsakanin nau'o'in biyu ba ta da ƙarfi kamar yadda teburi ke nunawa. Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Italiya a 1955 da Turkiyya a 1961 bisa tunanin za su yi 'yan shekaru su koma. Kafin a dakatar da shirin a 1973 kimanin mutum miliyan 14 sun zo, kimanin miliyan 11 sun koma, sauran suka zauna suka kawo iyalansu. Suwizalan ta yi shekaru da dama tana da izinin ci-rani na watanni 9 wanda ya hana ma'aikaci kawo matarsa da 'ya'yansa, lamarin da ya sa wasu iyaye suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a ɗaki, har aka soke izinin a 2002. Waɗannan yara ba su bayyana a kowane teburi ba. A yau ma shirin Ostireliya na ma'aikatan tsibiran Fasifik, wanda aka haɗe wuri guda a 2022, yana da reshe na watanni har 9 da wani na shekara 1 zuwa 4, ta yadda ma'aikatan shiri ɗaya suke rabuwa gida biyu a ƙididdiga, wasu su faɗa cikin masu dogon zama, wasu a'a. Saboda haka adadin da ya fi kowane ƙaranci a wurin hukumomi, kuma ya fi cancantar a nema, shi ne na masu sauya matsayi: mutum nawa ne suka shigo da izinin wucin gadi suka koma na dogon zama, mutum nawa suka dawo shekara ta biyu da ta uku, mutum nawa kuma ba a ga fitarsu ba. Ƙasar da ba ta rubuta fitar matafiya ba za ta iya amsa ta ƙarshen ba, kuma duk adadin da aka bayar a kanta ƙiyasi ne.

Kafin a saka kowane adadi a rubutu, a duba wace shekara ake nufi, domin ko wannan ba ɗaya ba ne. Shekarar kuɗi ta Amurka tana farawa ranar 1 ga Oktoba ta ƙare 30 ga Satumba, ta Ostireliya daga Yuli zuwa Yuni, Birtaniya tana buga alƙaluman shekarar da ta ƙare a Yuni da wadda ta ƙare a Disamba, Eurostat kuma tana bin shekara daga Janairu zuwa Disamba. Ga masu dogon zama wannan saɓani na wasu watanni ba ya cika sauya hoton, sai a shekaru irin 2020 da 2022 da abubuwa suka juya cikin makonni. Ga masu ci-rani kuwa yana iya raba girbi ɗaya gida biyu, musamman a ƙasashen kudancin duniya irin Nuzilan, inda tsinkar tuffa da kiwi ke kamawa a farkon shekara yayin da ma'aikata da yawa suka iso tun ƙarshen wadda ta gabata, don haka wajibi ne a rubuta watan farawa da na ƙarewa kusa da adadin.